Abokan aiki sun gayyace ni sukuwar Cartmel, in je ko in kawo uzuri?

Jikan Shamaki

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni, amma ku yi haƙuri in faro ta daga tushe.

Shekarata biyu ke nan a Barrow-in-Furness, can arewa maso yammacin Ingila, garin da ake ƙera jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa. Ni ba ruwana da jirgi, a gidan kula da tsofaffi nake aiki. To abokan aikina suna da wata al'ada. Duk shekara idan Litinin ɗin ƙarshe ta watan Agusta ta zo, wadda ranar hutu ce a nan, waɗanda ba su da aiki sukan haɗu su tafi kallon sukuwa a wani ƙauye da ake kira Cartmel. Bara na zille, na ce ina da aikin dare, kuma gaskiya ne. Bana shugabar sashenmu da kanta ta tsara jadawali, ta zo ta ɗora yatsa a kan sunana ta nuna min cewa ranar ba ni da komai.

Bakina ne ya jawo min. Wata rana muna shan shayi, wani tsoho cikin waɗanda muke kula da su ya kunna talabijin ana tseren dawaki, na tsaya kallo har shayina ya huce a hannu. Da suka tambaye ni, sai na saki baki na ce musu ai a barga na tashi. Kakana shi ke kula da dawakin hakimin garinmu a ƙasar Katsina, Baba ya gaje shi, ni kuma tun ban iya ɗaga bokiti ba nake share turke, ina jiƙa dusa da kanwa, ina ɗauko harawa daga kan rumfa. Na ƙara da nuna musu hoton hawan salla a waya. Shi ke nan, daga ranar na zama masanin doki na gidan baki ɗaya.

Ba zan ɓoye muku ba, raina yana so. Rabona da warin barga tun ranar da na bar gida. Akwai wata gona da nake wucewa a bas, dawaki biyu suna kiwo an lulluɓe su da barguna, wallahi har wuyana yake ciwo don waiwaye.

Abin da ya tsaya min shi ne yadda suke ba da labarin wurin. Ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci doki ba. Daga wa ya ci fam nawa bara, sai wa ya bugu aka saka shi a mota kamar buhun gero. Sannan tun yanzu sun fara cewa bana kakarsu ta yanke saƙa, tunda ga ni, ni zan riƙa duba musu dokin da za su zuba wa kuɗi. Wannan ce ta fi damuna. Ni ban taɓa caca ba, kuma ba a ƙasar mutane zan fara ba.

Don haka wanda ya taɓa zuwa irin wannan wuri ya taimaka min. Mutum zai iya zuwa ya kalli dawaki kawai ya dawo, ko kuwa wurin bai da wani ɓangare sai na caca da giya? Akwai inda zan yi salla? Kuma me ake sawa? Na ga a talabijin ana zuwa babbar sukuwar Ascot da doguwar malafa da kwat mai jela, ni kuwa kwat ɗaya gare ni, ta intabiyu.

Baban Ummi

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye kwat ɗinka. Cartmel ba Ascot ba ce, sukuwar ƙauye ce. Ka nemi takalmin da ba ka jin tausayinsa da rigar ruwa, domin bazararsu ta wannan yanki ba ta da alƙawari. Ni a Lancaster nake, sau uku ina kai iyalina, sau biyu ruwa ya dake mu.

Daga Barrow jirgin ƙasa za ka hau ka sauka a tashar Cark & Cartmel, kamar rabin awa. Daga nan akwai tafiyar wajen mil biyu, ranar tsere akan sa bas. Idan da mota za ku je ku fita da wuri, hanyoyin ƙauyen ƙanana ne masu katangar dutse hagu da dama, mota biyu da ƙyar suke wuce juna.

Wurin kansa abin mamaki ne. Ƙauyen bai taka kara ya karya ba, amma a tsakiyarsa akwai wani tsohon coci da aka kafa tun wajen 1190, kana filin kana hango hasumiyarsa. Ana tsere a nan tun 1856, kuma filin na gandun Holker ne, na iyalin Cavendish. Ba sa buɗewa sai daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Agusta, 'yan kwanaki ƙalilan a shekara, shi ya sa mutanen yankin suke ɗaukarsa kamar sallarsu. A tsakiyar da'irar da dawaki ke zagayawa akwai lilo da majaujawa na yara, mutane kuma kowa ya buɗe bayan motarsa ya shimfiɗa abinci a kan ciyawa. Giya kam akwai ta, ba zan yi maka ƙarya ba, 'yan caca kuma suna nan a jere da allunansu. Amma fili ne mai faɗi, ba ɗaki ba. Babu mai tare ka ya ce sai ka sa kuɗi. Azahar da la'asar a bayan mota muka yi su, a kan dardumar da na zo da ita, ba wanda ya ko kalle mu sau biyu. Ka dai riƙe alwalarka ko ka zo da gorar ruwa, don layin bayan gida ba a magana.

Tseren ba irin wanda ka sani ba ne. Duk na tsallake shinge ne, kuma mafi gajarta ya kai wajen mil biyu. Shingen iri biyu ne. Akwai ƙanana, tsayinsu ya ɗara mita ɗaya kaɗan, doki yana iya bankaɗe su ya wuce. Akwai manya da ake cusawa da rassan itace, sun kusa mita ɗaya da rabi, su kam idan doki ya raina su sai ya sha ƙasa. Da wani awo suke lissafin nisa wanda suke kira furlong, kamar mita 200 ke nan, takwas su ne mil guda. Abin da Cartmel ta yi suna a kai shi ne, daga babban shinge na ƙarshe zuwa layin ƙarewa furlong huɗu ne, wajen mita 800, babu filin da ya kai shi a Birtaniya. Don haka kar ka ga doki ya tsallake na ƙarshe shi kaɗai ka ce ya ci. Sau da yawa a nan ake cim masa.

Ka sayi ɗan littafin tsere a bakin ƙofa. Za ka ga lamba da launin rigar kowane mahayi, da nauyin da doki zai ɗauka. Nauyin da wani awo ne da suke kira stone, kowane ɗaya kilo 6 da ɗan ɗoriya, yawanci tsakanin 10 da 12 ake ɗora wa doki. Idan mahayi bai kai ba sai a cike da dalma a cikin wata jaka ƙarƙashin sirdi. Ana auna shi kafin ya hau, a sake auna shi idan ya sauko. Haruffan da ke gefen sunan doki kuma tarihinsa ne: F ya faɗi, U ya kayar da mahayinsa, P mahayin ya ja linzami ya haƙura kafin a ƙare.

Shawarata, kar ka zauna inda suka shimfiɗa abinci. Akwai wani ɗan zagaye da ake fito da dawaki ana yawo da su kafin kowane tsere, can ne wurinka.

Malam Na Zaure

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka tafi. Tseren dawaki a kan kansa ba abin ƙi ba ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Ibn Umar cewa Annabi (SAW) ya sa an yi tsere a Madina. Dawakin da aka horar suka tashi daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, wajen mil shida, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, mil guda. Horon nan kuwa malamai sun bayyana shi: a ciyar da doki ya yi ƙiba, sannan a rage masa abinci, a lulluɓe shi ya yi ta gumi har kitsen ya zube namansa ya tsaya.

Caca ita ce matsalar, ita da giya aya ɗaya ta haɗa su, Ma'ida ta 90. Zaɓar musu doki kuwa alhali ka san kuɗi za su zuba, hannunka ya shiga ciki ko da ba ka sa kwabo ba. Ka gaya musu tun kafin ranar, da fara'a, kar ka bari sai an je wurin kunya ta kama ka. Kuma kar ka zauna a shimfiɗar da ake zagayawa da kwalba. Zuwan kansa, wani malamin zai ce maka barinsa ya fi, ni ma da ɗan cikina ne haka zan fara ce masa. Amma kai ka san zuciyarka, ka san kuma zaman da kake yi da mutanen nan.

Ɗan Fagge a Preston

Allah ya gafarta Malam, bari in ƙara wa yaron nan hujja daga tarihin filin kansa, don ya san ko masu cacar ma ba su tsira daga juna ba.

Ranar 26 ga Agusta 1974, irin wannan Litinin ɗin da za ku je, aka yi wata damfara a Cartmel da har yau ake labarinta. Wani attajiri daga Cork a ƙasar Ayilan, Tony Murphy, shi da mutanensa suka shirya ta da wani doki mai suna Gay Future. A takarda, dokin yana hannun wani mai horo a Sikotilan, Antony Collins, wanda ba a san shi da cin tsere ba. Ashe wanda ke bargarsa na bogi ne, na gaskiyar yana Ayilan ana ta gyara shi, sai ana saura kwana biyu aka tsallako da shi. Mutanensu suka bazu shagunan caca na Landan suna haɗa sunansa da wasu dawaki biyu na Collins, don kar a ga kuɗi sun taru a kan doki ɗaya a farga. Waɗancan biyun kuwa ko barga ba su bari ba, da aka janye su sai duk kuɗin suka koma kan Gay Future shi kaɗai. Sun zaɓi Cartmel ne saboda a lokacin ba ta da layin wayar da manyan kamfanonin caca ke amfani da shi su sanar da mutanensu na fili.

Ga inda zai ba ka dariya, kai mai doki. Kafin a fito da shi suka goga masa garin sabulu a ƙafafu ya yi kumfa, duk wanda ya kalle shi sai ya ce gumin tsoro ne ya karyo masa, ba zai kai ko'ina ba. Ya ci da tazarar tsayin doki 15, a farashin da fam ɗaya ke jawo goma. Asiri ya tonu da aka buga waya bargar Collins aka ji cewa dawakin nan biyu suna can suna kiwo. A nan Preston aka yi shari'ar a 1976, aka ci Murphy da Collins tarar fam 1,000 kowanne.

Saboda haka idan suka matsa maka, ka ce musu a filin nan har gumin doki ƙarya yake yi.

Mai Akawal

Daga Maradi nake gaishe ku. Ɗan'uwa ka je mana, ka ɗauko muna hoto. Ni abin da nike so ka duba min linzaminsu ne, don a bidiyo ina ganin doki na gudu kamar ba a riƙe da shi ba. Kuma ka tambaya min ko gaskiya ne goɗiya na tsere da maza a can.

Jikan Shamaki

Jama'a na je na dawo, ga bayani. Na gode muku duka, musamman Yaya Baban Ummi, takalmin nan da ka ce shi ya cece ni.

Na bi maganar Malam. Tun ranar Alhamis na sami shugabarmu na ce mata zan zo, amma ba na caca kuma ba na zaɓar wa kowa. Ta ce ba komai. Da muka isa sai ga wata hula ana zagayawa da ita, kowa ya jefa fam biyu ya zaro lambar doki. Na ce a wuce ni. Wani ya ce ai wannan wasa ne ba caca ba, na yi dariya na ɗauki gorar ruwana na nufi zagayen dawaki.

Warin ne ya fara tarye ni, kafin ma in gan su. Gumi da fatar sirdi da kashi sabo a kan ciyawa. Sai da na dafa ƙarfen da aka kewaye wurin na ɗan tsaya, don idona ya kawo ruwa, ga mutane.

Sannan girman. Ingarman da muke taƙama da shi a gida, wanda sai hakimi ke hawa, a nan da an ce masa kuru. Dogaye ne, kafaɗarsu ta kusa kai min goshi, ƙafafu kamar gora, fata sumul har jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa. An kitse musu geza ƙulli-ƙulli, an taje gashin ɗuwawu an fitar da zane. Masu jan su kuwa yawanci 'yan mata ne, wata ba ta fi shekara ashirin ba, tana riƙe da wannan dodo da hannu ɗaya tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Har kyauta ake ba wanda dokinsa ya fi tsafta, aka kira sunan wata yarinya a lasifika ta yi ta murna. Na tuna Baba, shekara arba'in yana wanke dawaki ba a taɓa kiran sunansa a lasifika ba.

Mai Akawal, ga amsarka. Linzaminsu ƙarfe ne siriri mai gaɓa a tsakiya, babu zoben haɓa, babu harshen nan da ke dukan ganɗa. Da irinsa ba za ka taɓa yin zamiya a gaban sarki ba, sai dai ku wuce da shi har cikin fada. Su ba tsayawa suke nema ba, so suke doki ya jingina da linzamin ya yi ta ja. Sirdin kuwa bai fi faifai ba, likkafa a ɗage, mahayi a tsugune gwiwa na neman haɓa. Ban ga kaimi ko ɗaya ba. Bulala ma ƙidaya gare ta, sau bakwai aka yarda a tseren shinge, wanda ya zarce sai hukunci. Goɗiya kuma tana tsere da maza, har ana rage mata nauyi. Amma abin da ya fi ɗaure min kai, mazan kusan duk dandaƙaƙƙu ne. Na duba littafin, na sunkuya na duba da idona.

Yanzu ga abin kunyar. A tsere na uku shugabarmu ta biyo ni zagayen, ta ce ta riga ta sa kuɗinta, ba za ta canza ba, kawai tana so ta ji wanne ya burge ni. Na ga ba laifi. Akwai wani hurde mai lamba 4, wuya a lanƙwashe, ƙirji a cike, yana rangaji yana taunar linzami, irin wanda idan ya shigo ƙofar fada maroƙa sai sun ruɗe. Na ce wannan. Sai na nuna mata wani ja mai lamba 7, kai a sunkuye, haƙarƙari ana ƙirgawa, yana tafe kamar an tashe shi daga barci, na ce wannan kuwa da a gidanmu yake da Baba ya sa an ba shi jiƙo.

Na je na tsaya dab da wani babban shinge. Da farko ba ka ganin komai, bishiyoyi da lilo sun tare, sai muryar mai sharhi. Sai ƙasa ta fara rawa a tafin ƙafarka. Kafin ka ce me, ga su nan su tara a dunƙule, mahaya na yi wa juna ihu, suka tashi sama gaba ɗaya, ka ji rassan shingen sun yi shaaa a cikinsu, laka ta fantsamo min har baki. Ɗaya ya dira da ka ya wuntsila. Gabana ya faɗi, don na san abin da karaya take nufi ga doki. Sai ga shi ya miƙe ya girgije, ya bi 'yan'uwansa ba kowa a bayansa, har ya tsallake shinge na gaba don kansa. Mahayin ya tashi yana ɗingishi, motar asibiti da ke biye da su ta tsaya ta ɗauke shi.

Hurdena shi ke gaba zagaye na farko, ina ta jin daɗi a raina. A zagaye na biyu ya fara sassautawa, tun kafin shinge na ƙarshe mahayinsa ya miƙe tsaye a likkafa ya ja shi gefe. Jan nan mai haƙarƙari kuwa na huɗu ya tsallake na ƙarshe. A doguwar miƙar nan da Yaya ya faɗa ya riƙa tsince su ɗaya bayan ɗaya, kai a sunkuye kamar yadda ya shigo, ya wuce na gaba ana saura 'yan taku. Sai a lokacin maganar Malam ta horon dawakin Madina ta faɗo min. Na karanta ta da idona a nan, na je na zaɓi mai kitse.

Kafin in koma wurin motoci labari ya riga ni. Har muka tashi ba wanda ya sake tambayata doki, sai tsiya. Wani ya ce daga yau duk wanda na zaɓa za su guje shi, na ce to wannan ma ba zan faɗa ba.

La'asar na yi ta a bayan wata motar ɗaukar dawaki, wani dattijo da ke watsa wa dokinsa ruwa ya dakata da bokitin har na sallame. Na taya shi riƙe ragama ya ƙarasa wankan, ya bar ni na shafa wuyan dokin, zafi kamar garwashi, zuciyarsa na bugawa har a tafin hannuna. A hanyar fita na sayi wani kek mai danƙo da ƙauyen ya yi suna da shi, wanda har masu dokin da ya ci ake ba kyautarsa. Ashe da dabino ake yin sa.

Da dare na kira Baba na ba shi labari tiryan-tiryan. Bai ce komai ba a kan tsayin, bai ce komai ba a kan shingen. Da na zo kan dandaƙa sai ya yi shiru, can ya ce, to idan dokin ya ci, da me za a gaje shi? Na ce ban tambaya ba. Ya ce in koma baɗi in tambayo.